Tambaya da Amsa: Kafin Ka Sayi Sabon Kafet

Wasiƙun da suka taru mini a wannan karo yawancinsu a kan kafet suke, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Na taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, amma ban taɓa ainihin tambayar kowa ba. Masu tambaya a kan labule su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Kafet ɗin falonmu ya gama yayi, muna so mu canza. 'Ya'yana huɗu, babban bai wuce shekara goma ba, kuma gidan ba ya rabo da baƙi. Na je shago, mai kayan ya nuna mini wani mai dogon gashi, mai laushi, hannu har nutsewa yake yi a cikinsa, ya ce shi ne mai kyau. Ya kwanta mini a rai, amma na ce bari in ji ta bakinka tukuna. Daga wata uwargida.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kin kyauta da kika dakata. Ba zan ce mai shagon ya yi miki ƙarya ba, kafet ɗin yana iya zama mai kyau, sai dai ba na falonki ba ne. A shago da tafin hannu ake shafa kafet, a gida kuwa ƙafa ce za ta taka shi, ɗauke da nauyin mutum gaba ɗaya, tana murza shi duk lokacin da aka juya. Ƙafafun yara huɗu da na baƙi, safe da yamma. Wancan dogon gashin da ya burge ki, kafin shekara ta zagayo zai kwanta daga bakin ƙofa zuwa gaban kujeru, ki ga hanya ta fito sarai a tsakiyar falo, gefe da gefe kuma yana nan sabo fil. Kafet ɗin gida ba kasafai yake mutuwa ta hanyar yagewa ba. Kwanciya yake yi, gashin ya cukurkuɗe, ya daina tashi ko an share.

Idan kin koma shagon, ki roƙi guntun samfur ki yi masa gwaji uku da hannunki. Da farko ki lanƙwasa shi baya, gashin yana waje. Idan nan take kika ga shimfiɗar da aka dasa zaren a kanta tana leƙowa ta tsakanin layuka, zaren bai cika ba, an yi rowarsa. Mai kyau sai kin lanƙwasa da ƙarfi kafin ki ga ƙasansa. Sannan ki danna babban yatsanki a kai ki riƙe na ɗan lokaci, ki ɗaga, ki duba ko gashin ya miƙe ya rufe gurbin ko kuwa ya zauna a lotse. Na uku, ki kawo shi kusa da ido ki dubi silin zare ɗaya. Za ki ga a murɗe yake. Wanda aka murɗa sosai, kansa a tsuke, shi ne mai jure taku. Wanda kansa ya riga ya baje tun yana shago, to a gida sai abin da ya ƙaru. Kamar kitso ne, wanda aka kama da kyau shi ke daɗewa bai warware ba. Gajeren gashi mai cika da murɗi ya fi dogo mai sako-sako nesa ba kusa ba, ko da a hannu dogon ya fi daɗi.

Sai maganar zare, kuma a nan nake so ki nutsu, don yawancin masu saye ba sa tambayar da me aka yi kafet, launi kawai suke kallo. Ki juya samfurin ki karanta takardar da ke manne a bayansa. A kayan da aka yi wa alama irin ta Turai za ki ga haruffa: PA nailan ke nan, PES foliyesta, PP folifurofilin, WO kuma ulu.

Nailan shi ne zaɓina ga falo irin naki. Tun 1935 aka ƙirƙiro shi a ɗakin binciken kamfanin DuPont a Amurka, kuma har yau cikin zarurrukan roba da aka saba yin kafet da su, shi ake yabo wajen miƙewa bayan an taka shi. Ko ya kwanta, idan aka wanke shi da injin ruwan zafi yakan farfaɗo. Rauninsa shi ne yana shan launi, wato idan abin sha mai kala ya zube a kai aka bar shi, yana iya rina shi. Saboda haka ki nemi wanda aka yi wa maganin tabo, ko wanda aka zuba wa launi tun yana narke kafin a ja shi ya zama zare.

Foliyesta ya fi laushi, launinsa ya fi ɗaukar ido, kuma ina kyautata zaton shi aka nuna miki. Da yawansa daga tsofaffin gorunan roba ake yin sa. Abin ruwa ba ya kama shi da sauƙi, amma maiƙo yana manne masa, kuma idan ya kwanta da wuya ya tashi. A ɗakin kwana, inda taku kaɗan ne kuma ba takalmi, ba ni da ja a kansa ko kaɗan.

Folifurofilin shi ne mafi sauƙin kuɗi, ba ya shan ruwa, launinsa a cikin jikin zaren yake, shi ya sa yake jure wanki mai ƙarfi. Amma shi ne mafi saurin lotsewa, kuma zafi kaɗan ke narkar da shi, wajen digiri 160 a ma'aunin Salshiyos. Na sha ganin inda aka ja kujera mai nauyi da sauri a kansa, gogayyar kaɗai ta narkar da zaren ta bar layi mai ƙyalli wanda ba ya gyaruwa. Idan shi aljihu zai iya, ki ɗauki gajere wanda zarensa yake a lanƙwashe kamar maɗauki, ba wanda aka yanke kansa ba, ya fi riƙe kansa. Sai dai idan kuna da kyanwa a gidan, farcenta kan kama maɗaukin ya zare layi guda.

Ulu kuwa, gashin tumaki, shi ne sarkinsu a wajen kyau da daɗewa. Yana miƙewa, yana ɓoye datti, kuma idan tartsatsin wuta ya faɗa masa ba ya narkewa, ɗan baƙi yake yi a sama wanda ake iya kankarewa. Amma yana da tsada, asu na cin sa a ƙarƙashin kujerun da ba a matsar da su, kuma bilic yana cinye shi ɗungurungum. Akwai gauraye, kashi 80 ulu kashi 20 nailan, wanda ya haɗa alherin biyun.

Abu na ƙarshe a takardar: idan kin ga lamba 21, 22 ko 23, matakin juriya ne na kafet ɗin gida bisa ƙa'idar Turai. 21 na ɗakin da ba a yawan shiga, 22 na tsaka-tsaki, 23 na wurin da ƙafa ba ta ɗaukewa. Daga 31 zuwa 33 na ofis ne da shaguna. Da yara huɗu, kada ki sauka ƙasa da 23. Wancan mai laushin kuma, in har ranki ya nace, ki sayi ɗan madaidaici ki shimfiɗa a gefen gadonki, inda zai daɗe yana faranta miki.

TAMBAYA: Malam, mai shimfiɗa mini kafet ya ce sai na sayi soson da ake sawa a ƙarƙashi. Ni kuwa gani nake dabara ce ta ƙara mini kashe kuɗi, tunda ba wanda zai gan shi. Daga wani magidanci.

AMSA: Alhaji, wannan mutumin ka riƙe shi, gaskiya ya faɗa maka. Idan ka taka kafet ɗin da ke kan siminti ko tayil kai tsaye, zaren ne yake shiga tsakanin ƙafarka da abu mai tauri, shi ke shan matsar duka. Idan akwai soso a ƙasa, shi zai karɓi nauyin ya mayar. Ga rage ƙarar taku, ga tare sanyin daɓe. Da a ce kuɗinka ba zai kai ga kafet mai tsada da soso mai kyau a tare ba, da na ce ka sauko mataki ɗaya a kafet ɗin ka sayi soson kirki.

Sai dai ka kula, kauri ba shi ne inganci ba. Soso mai kauri mai taushi yana sa kafet ya riƙa lotsawa fiye da kima, bayansa ya saki, ya fara tattarewa yana yin tudu-tudu, haɗin da aka yi ya buɗe. Ka matse shi tsakanin yatsu biyu: idan yatsunka suka haɗu ba wahala, iska ce kawai a ciki. A ɗakunan gida kaurin da bai wuce milimita 11 ba ya isa, a ƙarƙashin gajeren kafet mai maɗauki ko a kan matakala kuma ka ɗauki wanda ya fi siriri da tauri. Kada ka yarda a mayar da tsohon soso a ƙarƙashin sabon kafet. Ya riga ya mutu a daidai wuraren da ake takawa, kuma a nan sabon zai fara kwanciya. In kuwa irin kafet ɗin nan ne mai haɗe da sosonsa ko ƙyallensa a baya, wanda ake mannawa da gam, to wannan ba ya buƙatar ƙari.

TAMBAYA: Malam, mun koma sabon gida, ɗakunan a ƙasa suke, kuma ina jin kamar daɓen yana da ɗan sanyi-sanyi. Ɗana ɗan shekara shida yana da asma. Maigida yana so a malale ko'ina da kafet daga bango zuwa bango. Ni hankalina bai kwanta ba. Daga mahaifiyar yaro.

AMSA: 'Yar'uwa, Allah Ya ba yaron lafiya. Hankalinki ya yi daidai da bai kwanta ba, kuma ki karanta wa maigida wannan amsar, don na san kyautata wa iyali yake nufi. Sana'ata ce kafet, amma ba zan ba da shawarar a malale ɗakin kwanan yaro mai asma da shi ba.

Dalili shi ne akwai wasu ƙananan ƙwari da ke zama cikin ƙurar gida, girmansu bai kai rabin milimita ba, ido ba ya ganinsu. Ɓurɓushin fatar da ke zuba daga jikin mutum suke ci, kuma kashinsu yana cikin manyan abubuwan da ke tayar wa masu asma da ciwo. Katifa, matashi da kafet su ne matattararsu, kuma suna yaɗuwa ne idan laimar iskar ɗaki ta haura kashi 50 cikin 100. Zanen gado ana iya wanke shi da ruwa mai zafin digiri 60 su mutu. Kafet ɗin da aka kafe a daɓe kuwa ba ya ɗaguwa balle a kai shi wanki. A ɗakin yaron ki bar daɓen yadda yake, a riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, ki sa ƙaramar darduma mai gajeren gashi wadda za ki iya ɗagawa ki wanke ki shanya ta bushe ƙarau. Ki kuma shaida wa likitansa halin da gidan yake ciki.

Sauran ɗakunan kuma, kafin a kawo ko taku ɗaya na kafet, a gwada daɓen. Ki sami farar leda mai kauri, faɗin kamar rabin mita kowane gefe, ki shimfiɗa ta a kan simintin, ki manne gefunanta huɗu da salatif yadda iska ba za ta shiga ba. Ki bar ta yini da kwana. Idan kin ɗaga kika ga raɓa a cikin ledar, ko simintin da ke ƙarƙashinta ya yi duhu fiye da na kewaye, ruwa yana tasowa daga ƙasa. Ki gwada a wuri biyu ko uku, musamman kusa da bangon waje da bangon banɗaki. Sabon gini yakan ɗauki watanni kafin simintinsa ya gama fitar da ruwansa. Duk wanda ya rufe irin wannan daɓe da kafet, ya tanadi fumfuna da warin da turare ba ya kashewa. Na taɓa ɗaga kafet a irin wannan ɗaki, samansa tsaf ba tabo ko ɗaya, bayansa kuwa baƙi ƙirin, soson ya zama gari yana manne wa hannu. Masu gidan sun daɗe suna neman inda warin yake fitowa. A gyara danshin tukuna, ko a haƙura da dardumomin da ake iya ɗagawa.

Haka nan ko bayan an shimfiɗa, duk ranar da ruwa ya malale kafet, a ɗaga shi a busar da shi da soson cikin awa 24 zuwa 48. Idan ya wuce haka, fumfuna ta fara kamawa.

TAMBAYA: Malam, ɗakina mita 4.3 ne a tsawo, 3.6 a faɗi. Na lissafa ya ba ni murabba'in mita goma sha biyar da rabi, amma mai shago ya ce zan biya kuɗin kusan goma sha takwas. Cuta ce? Daga wani matashi.

AMSA: Ƙanena, lissafinka daidai ne, nasa ma daidai ne. Kafet a naɗe yake zuwa da faɗin da ba ya canzawa, galibi mita 4 ko 5, na Amurka kuma ƙafa 12, wato mita 3.66. Idan mai faɗin mita 4 ne, za a yanko maka tsawon mita 4.4, an ƙara santimita goma saboda bango ba ya miƙewa sak. Huɗu sau 4.4 ya ba da 17.6. Rarar da aka datse a gefe taka ce, ka karɓe ta ka adana. Ranar da dutsen guga ya ƙona wani wuri, da ita za a yi maka faci.

Ka auna ɗakin a wuri biyu kowane gefe ka ɗauki mafi tsawo, ka haɗa da lungun bakin ƙofa. Idan dole sai an yi haɗi, kada ya faɗo a hanyar shiga, kuma gashin ɓangarorin biyu ya kwanta ta fuska ɗaya, in ba haka ba za su zama kamar launi biyu. Ka sayi duk abin da kake buƙata a lokaci ɗaya daga naɗi ɗaya, domin rinin yau da na wata mai zuwa ba sa zama iri ɗaya sak. Kuma ka duba ƙarƙashin ƙyauren ƙofa, kafet da soso suna iya hana shi buɗewa sai an rage shi.

TAMBAYA: Kawu, na ga wani kafet mai ruwan toka a intanet ya yi mini kyau ƙwarai. In yi oda? Kuma wane launi ne ya fi ɓoye datti? Daga wata ɗiyarka.

AMSA: Ɗiyata, wannan cinikin biri a sama ne. Allon waya yana ƙara wa launi haske, fitilun shago ma haka. Ki nemi a aiko miki da guntun samfur, ki ajiye shi a ƙasa a ɗakin da za a shimfiɗa, kusa da kujerunki, ki dube shi da hantsi, ki sake dubawa da dare a hasken ƙwan ɗakin. Ki kuma sani idan ya malale ɗaki yakan fi yadda yake a guntu haske.

Mutane suna ɗauka baƙi ko shuɗi mai duhu ne ke ɓoye datti. Tabo yake ɓoyewa, amma duk wani zare, ƙura da ɓurɓushi a kansa suke bayyana, sai ki yi ta shara. Fari kuma kin san halinsa. Mai rufin asiri shi ne na tsakiya, ruwan ƙasa ko toka, musamman mai ɗigo-ɗigon launi biyu ko uku a cakuɗe. Idan rana tana faɗowa ɗakin ta taga, ki tambayi wanda aka zuba wa launi tun zaren yana narke, ya fi jure koɗewa.

Idan an shimfiɗa za ki ji wani wari na sabunta. Yawanci daga gam ɗin da ya riƙe zaren a baya yake fitowa. Ki buɗe tagogi ki kunna fanka na kwana uku, zai ragu sosai. Kada jariri ya kwana a ɗakin a waɗannan kwanaki.

TAMBAYA: Malam, an kawo mini wata darduma mai sheƙi, an ce ta siliki ce, saƙar hannu daga Farisa, wato Iran. Yaya zan gane gaskiya? Daga wata Hajiya.

AMSA: Hajiya, ki kifa ta ki dubi bayanta. A saƙar hannu kowane silin zare ƙulla shi ake yi ɗaya bayan ɗaya, don haka zanen da ke gaba zai fito a baya sarai, ƙulli-ƙulli, kuma layukan ba za su daidaita sak ba, za ki ga wani ƙullin ya ɗan fi wani. Ta inji layukanta a miƙe suke ba kuskure. Idan kuwa kin ga an manna ƙyalle ya rufe bayan gaba ɗaya, to harba zaren aka yi da bindigar saƙa aka riƙe shi da gam, ba ƙulli ba ne. Ki dubi gezar bakinta kuma: a ta gaske gezar ita ce ƙarshen zaren tsaye da aka saƙa dardumar a kansa, daga jikinta take fitowa, a ta kwaikwayo kuwa ɗinka ta ake yi daga baya, za ki ga ɗinkin.

Wannan sana'a tsohuwa ce ƙwarai. Darduma mai ƙulli mafi tsufa da aka sani, wadda ake kira ta Paziriki, a 1949 aka tono ta daga wani kabari da ƙanƙara ta daskarar a tsaunukan Altai na Saberiya. Ta haura shekara dubu biyu, ta ulu ce, tana ajiye a gidan tarihi na Hermitage a Rasha, kuma har yanzu ana ganin dawakai da barewar da aka saƙa a jikinta. Aikin da ke cin watanni a hannun masaƙa ba ya zuwa da araha, don haka idan kuɗin da aka faɗa miki ya yi sauƙi fiye da hankali, wannan kaɗai ya isa ki yi shakka.

Maganar siliki kuwa, yawancin masu sheƙin nan da zaren biskos ake yin su, wanda ake samu daga ɓargon itace. Yana ƙyalli kamar siliki, amma ruwa abokin gabansa ne: ko ruwan sha ya zube masa, wurin yakan yi tauri ya koma rawaya-rawaya. Da izinin mai kayan, ki zare sili ɗaya daga gashin dardumar ki kusanta shi da ashana a waje. Siliki da ulu warin ƙonannen gashi suke yi, su dunƙule su zama ɗan baƙin ƙwallo mai murƙushewa a yatsa. Biskos yana ci da sauri da warin ƙonanniyar takarda, ya bar toka mai laushi. Idan kuwa silin ya narke ya zama ɗigo mai tauri, roba ce. In mai kayan ya hana ki zare silin, ki mayar masa da dardumarsa.